Asabe Da Yaran Da Ba Su Kai Ja Ba

Ina zaune a zaure bayan la'asar sai wani ɗan acaɓa daga Kudan ya tsaya, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya daɗe yana tambayar jiki kafin ya ce, "Baba, sai haƙuri. Malama Asabe ta asibiti ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni na koyar da Asabe a firamare, nan Taba. Na ɗauka ita za ta zo ta'aziyyata.

Aikinta a ƙaramin asibitinmu auna damtsen yara da wani tef mai launi uku. Kore lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa tamowa. Doka ta ce sai wanda ya kai ja za a ba ƙunshin gyaɗar da hukuma ke rabawa. Na sha jin iyaye mata suna roƙonta, "Malama, ɗan ƙara matse tef ɗin mana." Sai ta ce, "In na matse, ki tafi da hannun ko ki bar mini? Ki biyo ta gidana da yamma."

A gidan nan take dama kunun gyaɗa da waken suya, daga abin da mijinta ya noma, ta ba waɗanda doka ta ce ba su rame sosai ba. Takan ce mini, "Malam, wai sai yaro ya kusa kabari a san da shi."

Jikana Habibu yana cikinsu. Ubansa ya rasu, uwarsa na aikatau a Zariya, ni kaɗai gare shi, ga shi ko tukunya ba na iya ɗagawa. Da kunun Asabe ya fara tafiya, da shi bakinsa ya buɗe. In ta gan ni sai ta ce, "Malam, abokin naka ya kusa kada ka kokawa."

Tun da ta kwanta ciwo kunu ya tsaya, gyaɗar asibiti ma ta yanke. Jiya na zagaya damtsen Habibu da yatsuna biyu, suka haɗu har da saura. Ban san launin da zai nuna ba.

Allah Ya jiƙan Asabe, Ya haskaka makwancinta, Ya shayar da ita kamar yadda ta shayar. Ya ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri, Ya raya su. Yaran da ta bari a ruwan ɗorawa kuma, ya Allah, kada Ka bari su kai ja. Amin.