Man Bai Narke Ba

A gidanmu na bayan Kusugu, in bazara ta kama ba mai iya zaman ɗaki. Bayan sallar isha'i kakata Hajjo takan yayyafa wa tsakar gida ruwa, ta baza tabarma nesa da murhu, mu kewaye ta. "Kai mijin banza, matsa can, jikinka kamar garwashi," haka take ce mini kafin ta jawo tatsuniya.

Wadda ta zauna mini ita ce ta wani mai gona da ya ce 'yan ƙodagonsa ba za su huta ba sai curin man shanun da ke ƙoƙonsa ya narke. Shi ne ma'auninsa na zafin rana. Amma ƙoƙon a gindin randa yake ajiye shi, ƙarƙashin tsamiya. Rana ta yi ta dukan bayin Allah har mijin wata mata ya faɗi, bai tashi ba.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta jira ranar da yashi ke tafasa, ta ɓoye takalman mai gonar, ta ce masa bijiminsa ya faɗa rami a ƙarshen gona. Ya kwasa a guje. Sai da ya kai tsakiya ƙasa ta kama tafinsa, gaba wuta, baya wuta. Yana ihu a miƙo takalmi, ita tana inuwa riƙe da ƙoƙo. Nan Hajjo kan sassauta murya: "Haƙuri, maigida. Man bai narke ba."

Da na girma, ni da yayana Sani muka yi aiki a wani gidan burodi. Mai gidan ya rataye ma'aunin zafi a ofishinsa, mai layi biyu, Salsiyos mai ƙaramar lamba da Faranhait mai babba. In mun ce tanda ta gasa mu, ƙaramin yake karantawa: talatin ne kawai. In shi ya ji gumi, babban yake nuna wa baƙinsa, wai tamanin da shida. A bakin tanda Sani ya yanke jiki ya faɗi. Har yau ƙodarsa ba ta koma daidai ba, ni kuma wallahi ban yafe ba. 'Yan boko na gardamar wane layi ya fi dacewa da jikin mutum. Ni Hajjo ta koya mini in fara tambayar inda aka ajiye ƙoƙon.

Yanzu gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi. Bara, tsakiyar bazara, mai gidan burodin nan ya aiko wai tasa ta mutu. Na tarar da shi yana fifita da kwali, riga sharkaf. Ya nuna mini ma'aunin da yatsa, ɗari da huɗu.

Na duba ɗaya layin, na saɓa jakata.

"Arba'in ne kawai, Alhaji. Man bai narke ba."