Littafin Ƙunshin 'Ya'yan Kabewa

A tashar motar garin Balti, a ƙasar Moldova, Viorica tana jiran bas, idonta na kan wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Yarinyar na zaune kan kifaffen bokiti kusa da kakarta mai sayar da soyayyun 'ya'yan kabewa. Rigar sanyinta ta yi mata kaɗan, leɓɓanta sai motsi suke. A cinyarta akwai wani ƙaton littafi, a bangonsa ga dodo mai aman wuta, ga budurwa riƙe da takobi. Rabin shafukansa babu.

Mai saye na zuwa, tsohuwar ta miƙa hannu ko waiwaye babu, ta yage shafi, ta naɗe shi kamar mazurari, ta cika.

"Kaka, ban gama wannan ba! Sun kusa tsallake gadar!"

"Gadar ubanwa? A kilo na sayo shi, don ƙunshi."

Yarinyar ba ta kuka. Sauri kawai take ƙarawa, yatsanta na gudu kan layi, tana tsere da hannun kakarta. Wataƙila shi ne kaɗai littafin da ya taɓa shiga gidansu ba don jarrabawa ba.

Ran Viorica ya ɓaci. Ga tsofaffin jaridu birjik a tashar, duk ƙarya ce a ciki, amma sai duniyar yarinya za a yayyaga saboda cinikin kuɗi lei biyar?

Ta matsa ta biya. Tsohuwar ta kai hannu kan littafin.

"Dakata, Iya," in ji Viorica, ta buɗe aljihun farar rigarta. "Zuba nan. Bar su su tsallake."