Bargon da na ɗinka wa Inna

Shekarar da yanar ido ta rufe idanun Inna, ni kaɗai na rage mata a gidanmu na Konni. Ni ce wanka, ni ce wanki, ni ce mai dama kunu, ga keken ɗinki yana jirana a zaure. Amma da babbar mota ta tsaya a bakin titi sai ta karkata kunne, ko Yaya ce ta zo daga Malbaza, inda mijinta ke aiki a kamfanin siminti. Yaya ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma tambayar lafiyarta a gaban mutane. "Waccan" take ce mata. Duk da wannan kunya na san wadda ta fi so, kuma abin yana ci mini rai.

Da sanyi ya matso na ce zan haɗa mata bargo da ƙyallayen 'ya'yanta, kowa da irin nasa, yadda hannu zai gane tunda ido ya tafi. Na aika wa kowa. Wana soja ya aiko da hannun tsohon kakinsa, mai kauri. Ƙanwata ta Illela ta aiko da shadda mai santsi. Ni na sa leshi saboda hujojinsa. Rawanin marigayi Baba na ninka na kafa a tsakiya, na jera mu kewaye da shi, nawa kuwa na ɗora shi ta wajen kai, inda zai taɓa haɓarta.

Saƙon Yaya direban motar siminti ya kawo. Na kwance leda na ga majanyi, tsohon saƙi fari da baƙi, wanda Inna ta goye ta da shi. Shekara arba'in yana ajiye a ƙasan akwatin Yaya. Na san da yatsan Inna ya sauka a kansa, sauranmu mun zama ado. Na auna shi a gefen dama, ya zauna daram kamar don wurin aka saƙa shi. Na ɗauke shi na kai madafa, na mai da shi tsumman sauke tukunya. Wurin na cike da yadin da ya rage daga ɗinkin wata mata.

Ranar da na shimfiɗa mata, Inna ta bi shi da hannu tana murmushi. Ta gane kaki, ta gane shadda, ta gane ni. Kowa ta taɓa sai ta ce Allah ya yi masa albarka. Da ta zo gefen dama ta daɗe tana shafawa.

"Wanga fa?"

"Ciko ne, Inna."

Ba ta iya tambaya ba, ni ma da hakan na dogara. Sai da aka kwana uku ta ce, "Kowa ya aiko?"

"Wanda ya ga dama ya aiko," na ce.

Tun daga nan kowace safiya bayan salla takan bi ƙyallayen tana sa albarka, ta tsallake gefen dama. Ta daina sauraron motoci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Da damina ciwo ya kwantar da ita, Yaya ta zo. Ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa a taƙaice ta juya ta fuskanci bango. Yaya ta bi bargon da kallo daga kai har ƙafa, sau biyu. Ta tashi ta shiga madafa ɗora ruwan zafi, ta jima ba ta fito ba. Na bi ta. Tana tsaye riƙe da majanyin, ya yi baƙi, gefe ɗaya ya ƙone.

Na gyara tsayuwa, don na shirya faɗa. Na ma tanadi abin da zan ce game da shekarun da na yi ina kwashe bayan gida ita tana can. Ba ta ba ni wannan damar ba.

"Kina iya tahiya ki hwaɗa mata," na ce.

Ta ninke shi a hankali ta soke a zanenta.

"A'a. Bar ta ta tahi tana zaton ɗiya guda ta yada ta, ba biyu ba."

Kwana tara ta yi tana jinyar uwar da ba ta yi mata magana, har aka fitar da gawar Inna.