Iƙirarin Haraji da Gaisuwar Hajiya

Ban taɓa mantawa da ranar ƙarshe ta watan Oktoba ba, a shekarata ta biyu a shagon ɗinkin Abu Faisal da ke unguwar Sultana, nan ƙasa mai tsarki. Ku da kuka zo daga baya kun tarar akwai akanta mai kula da takardu. Mu a lokacinmu, daga Allah sai mu.

Ga yadda tsarin yake. A nan ma'aikaci ba ya biyan harajin albashi, amma shago yana karɓar dariba, wato harajin ciniki, a kan kowace riga da ya ɗinka. Duk bayan wata uku mai shago zai shiga shafin hukumar haraji ya cika iƙirari, wato ya bayyana da kansa abin da ya sayar da abin da ya saya. Ana ba shi wata guda cur. In ya wuce, tara ta hau kansa.

Abu Faisal ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya zo hajji daga Katsina ya zauna. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, sai ya ɗan barbaɗa Hausa kamar gishiri. Ni nake tara rasit, kuma tun farkon wata na jera masa su a tebur.

"Bukura, ya Sabi'u. Gobe, in sha Allah," in ji shi.

Kullum zai buɗe kwamfuta, ya gyara zama, sai idonsa ya faɗa kan wani abu. Ranar farko na'urar sanyaya ɗaki ce, wadda take ɗiga tun azumi bai kula ba. Ya ce ba a lissafi cikin ɗiga, ya kira mai gyara. Wata rana ya zazzage maɓallai a tire ya ware su launi-launi. Ya sa aka yi fenti. Har unguwar Aziziya ya je ya shirya da surukinsa da suka daɗe ba sa ga-maciji. Ilu mai guga, mutumin Maraɗi, shi ya fara gano lagon. Da ya ga an buɗe kwamfuta sai ya yi tari ya ce dutsen gugarsa yana jan wuta. Kafin la'asar an sayo sabo.

Ni kuwa ba dariya nake ba. Abu Faisal ya riga ya faɗa mini cewa in tara ta faɗo, tikitin hutuna za ta danne, ga shi an haifa mini 'ya a Kano ban taɓa ɗaukarta ba.

Ranar ƙarshe, muna dawowa daga sallar azahar na kulle ƙofar shago na jefa makulli a aljihu.

"Esh hada? Mene ne haka?" in ji Abu Faisal.

"Ranka ya daɗe, babu mai fita sai an yi iƙirari."

Ya harare ni, ya zauna. Ya sa sunansa, shafin ya ce an tura lambar sirri ta waya, a shigar da ita kafin ta mutu. Muka zuba wa wayarsa ido. Shiru. Can sai ya dafe kai. Ashe lokacin rajista wayarsa ta lalace, lambar mahaifiyarsa ya sa, Hajiya Mairo da ke unguwar Ranuna. Ita kuma ba ta ƙirga da Larabci, shi kuma lissafin Hausa yana rikita shi. Ya miƙo mini wayar.

"Hajiya, barka da yini. Wani saƙo ne ya shigo..."

"Wa ke magana? Sabi'u? Haka ake yi a Kanon taku? Ina gajiya? Ya mai jego? Ya jaririya? Wane suna ma aka sa mata?"

Kafin mu kai kan lafiyar gwiwarta, lamba ta mutu.

Na ce wa Abu Faisal kada ya danna neman sabuwar lamba sai na gama gaisuwa. Na gaishe ta tsaf, har kajinta na tambaya, sannan na ɗaga masa hannu. Saƙo ya shiga. Hajiya ta cire wayar daga kunne don ta duba, ta katse kiran. Na sake kira.

"Salamu alaikum. Wa ke magana? Sabi'u? Ina gajiya?"

Ilu ya tusa kansa cikin tulin yadi yana shessheƙar dariya. A karo na uku ta karanto mana lambobi a natse, muka shigar, shafin ya ƙi. Ashe kwanan wata ta karanta.

Na buɗe ƙofa, muka ɗauki kwamfuta da jakar rasit sai Ranuna. Hajiya ta saka wayar ƙarƙashin cinyarta ta ce babu mai taɓa ta sai mun ci tuwo, tunda sai hukuma ta matsa wa ɗanta yake tuna hanyar gidanta.

"Ya ummi, wallahi lokaci..."

"Lokacin uban wa? Wanke hannu."

Muka ci, aka yi mana ƙari. Sannan ta miƙo wayar. Aka zuba mana shayi, ina karanto jimla yana shigarwa. Wallahi ya danna turawa shayin bai huce ba. Ya dubi allon, ya dube ni.

"Bas? Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

A watan Disamba na tafi hutuna.

Abin da na koya shi ne, mu masu ɗinki mun saba ce wa mai kaya gobe har abin ya zame mana jiki, mun manta akwai ƙofar da ba ta jin gobe. Aikin da mutum yake gudu kuwa sau da yawa inuwarsa ce doguwa, shi kansa bai kai taƙi ba. Don haka in an ba ku aiki, ku yi shi da zafinsa. In kuma hanyarsa ta bi ta wurin tsohuwa, to ku fara cin tuwo.