Na Gama Lisans a Bayan Kanta

Ina rufe kwamfuta ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofar shago. Alhaji Sani ne, maƙwabcina a nan Zongon Kwatano, mai sayar da tayoyin zemijan, wato baburan haya.

"Malam Bala, lafiya ka rufe shago da rana tsaka? Rasuwa aka yi?"

"Lisans na gama, Alhaji, digirin farko. Yanzun nan malamai suka ce na ci."

Ya leƙa ciki. Daga ni sai fanka.

A Kwatano, ranar da ɗalibi zai kare aikinsa na ƙarshe a gaban malamai, dangi kan cika mota su nufi jami'a a Kalavi da kulolin shinkafa da mai hoto. Ni kuwa ta intanet na karanci tsarin bayanan kasuwanci, a bayan kantar nan, tsakanin mai sayen caja da mai tambayar hanya. 'Yan ajinmu sunaye ne kawai a allo. Ban gayyaci kowa ba, don ban san yadda ake kiran mutane su zo kallon mai furfura yana hira da kwamfuta ba. Amma da aka ce na ci, sai da na waiwaya.

"To wa ya yi maka addu'a?" in ji Alhaji.

"Ba kowa."

Ya tuɓe takalmi, ya shigo, ya ɗaga hannu. Muka shafa mu biyu. Sannan ya miƙo wayarsa.

"Tunda ka zama masani, duba min, ta daina ƙara."

Na gyara ta. Iyakar walimar ke nan.

Ku da kuka yi karatu ku kaɗai, wa kuka fara gaya wa ranar da kuka gama?