Kunnen Ntate Lebona a Bayan Bango

In ka tambayi mutanen ƙauyenmu wane ne Ntate Lebona, wato Baba Lebona, ba za su kwatanta maka fuskarsa ba. Cewa za su yi, "Tsaya nan kan dutse, yanzu za ka ji shi." Gaskiyarsu kuwa, don tarinsa kan riga shi isa ko'ina, coci ne ko wurin askin tumaki. Ba wanda abin ya dama. A duwatsun Lesotho, namijin da ya dawo daga ramin zinariya ba ya tari, ai sai a ce ƙarya yake, bai je ba.

Shekara goma sha bakwai ya yi a ƙarƙashin ƙasa can Afirka ta Kudu, aikinsa kuma na kunne ne. Shi ke fara shiga da sandar ƙarfe, ya ƙwanƙwasa rufin rami, ya saurara. In dutse ya amsa da ƙarfi, jama'a su shigo. In ya amsa kamar fasasshiyar tukunya, kowa ya ja da baya. Rami bai taɓa rufta wa mutum a bayansa ba, shi ma bai taɓa bari mu manta da hakan ba. Ko kaza ce ta yi kuka sai ya gaya maka abin da ke damunta.

Matarsa kuwa, tun ranar da aka kawo ta aka raɗa mata Malineo, wato uwar Lineo, aka zauna jiran Lineo. Lineo ta yi zamanta shekara goma sha ɗaya. Sai a tsakiyar sanyin bana, yana zaune yana gyaran linzami, ƙannensa mata suka lallaɓo ta baya suka sheƙa masa bokitin ruwa tun daga ka. A al'adarmu, mace aka haifa ke nan. Da namiji ne sanda zai sha, kuma a irin sanyin nan, na rantse da sandar ta fi masa sauƙi. Ya tashi jiƙe sharkaf yana dariya yana tari, ya doshi ɗakin mai jego.

A bakin ƙofa ya iske uwarsa, Nkhono Masentle, wato Kaka Masentle, ta riga ta soke kyauro biyu a jinka, alamar namiji ba ya shiga.

"Ina zuwa?"

"Mme, leƙe ɗaya kawai," ya ce, don Mme muke ce wa uwa.

"Leƙa can garke, tumakinka na nan. Wata biyu, ba ƙafar namiji. Ubanka ma haka ya jira ka, kuma bai mutu ba."

Ya haƙura da ido, amma ba a soke wa kunne kyauro. A bayan ɗakin akwai inda yaɓe ya zube tsakanin duwatsu biyu. Daga ranar Ntate Lebona ya zama mai gyaran bango. Da hantsi yana can, da la'asar yana can, da guntun laka a hannu har ta bushe, kunne manne da dutse.

Abin da ya ji shi ya hana shi sakat. Yarinyar za ta ja numfashi da sauri-sauri kamar wadda aka koro, sai ta sassauta, sai shiru. Shiru fa! Ya ƙirga, ɗaya, biyu, har shida, sannan ta yi wani ɗan gurnani ta ci gaba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a rami ba. Shekara goma sha ɗaya yana jira, yanzu a ce ta tafi bai ko ga fuskarta ba?

Tari ne ya tona masa asiri, kamar kullum.

"Wane jakin ne a bayan ɗaki?" in ji tsohuwa daga ciki.

"Mme, yarinyar nan tana ɗauke numfashi. Na ji da kunnena."

"Bakwai na haifa, kai ne na huɗu, duk haka kuka yi. Jinjiri koyon numfashi yake."

"Ni fa na san sautin abin da ke shirin rushewa."

"Ita ba dutse ba ce. Tafi ka ba doki ruwa."

Malineo ma ta yi magana, muryarta a gajiye: "Ntate, lafiyarta lau, tana shan nono kamar me. Don Allah ka bar mu mu yi barci."

Ina! Shi ya riga ya gano mai laifi: hayaƙi. Mata uku har da jaririyar a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, wutar kashin shanu na ci dare da rana, an jibga wa 'yar mutane barguna. A rami ma ana buɗe wa iska hanya. Ranar da tsohuwa ta tafi rafi, sai ya hau jinka da lauje ya huda rami kamar faɗin kwano, ya cusa fuska ya leƙa. Bai ga komai ba sai duhu da hayaƙi, hayaƙin kuma ya sarƙe shi ya yi ta tari a cikin ramin. Da yamma ƙanƙara ta sauko, ta bi ta ƙofar da aka buɗe mata, ta dira daidai kan shimfiɗar Nkhono Masentle. Muciya tsohuwa ta ɗauko. Duk ƙauye ya ga gwanin kunne, mai shekara arba'in da shida, yana tsallake katangar garke da takalman roba.

Da yarinya ta cika mako shida aka shirya kai ta rigakafi asibitin da ke gindin dutse. Ba a gayyace shi ba. Ya biyo su daga nesa yana jan doki, wai ko wata za ta gaji. Suna shiga ya zagaya ta taga, amma labule ya tare masa gani.

"Mme nas! A duba mata ƙirji! Tana tsayawa!"

Nas ɗin, wata gajeruwa mai tabarau, ba ta yi fushi ba. Ta ɗora abin sauraro a ƙirjin Lineo, ta duba agogo ta ƙirga, ta ɗaga riga ta kalli haƙarƙari da leɓɓa. Ta ce ta taga, "Ntate, 'yarka garau take. Haka jarirai ke yi, su yi sauri, su ɗan dakata, su ci gaba. Abin tsoro shi ne dogon shiru, ko leɓe ya canza launi, ko ƙirji na lotsawa, ko ta ƙi nono."

"Ka ji ko, likitan bango?" in ji tsohuwa.

Ya buɗe baki zai yi gardama, tari ya ƙwace maganar. Ya daɗe yana yi, dafe da bango. Da ya ɗago, nas ta fito tana tsaye a gabansa, kuma ba yarinyar take kallo ba.

"Tun yaushe?"

"Wannan? Ai na rami ne, Mme. Kowa na da shi."

"Kana jiƙa shimfiɗa da gumi? Wa ya huda maka sababbin ramuka a bel ɗin nan?"

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ke jin numfashin jinjiri ta cikin dutse bai taɓa sauraron ƙirjin da yake yawo da shi ba. Aka ba shi 'yar kwalba ya tofa kaki, aka ce ya dawo.

Ya koma shi kaɗai, ana jibi za a cire kyauro. Nas ta ce tarin tibi ne, yana warkewa, wata shida na magani, kuma ya turo duk mutanen gida a duba su, har da jaririyar. Sannan ta tambaye shi ko yana ɗaukarta.

"Ko ganinta ban yi ba."

"To ka gode wa duk wanda ya hana ka. Ka ci gaba da nisa har magani ya kama, mu sake gwada ka."

Ya tuna ramin jinka, da fuskarsa a ciki. Duk hawan dutsen nan bai hau dokin ba, kunya da tsoro na cinsa.

Ranar ta zo. An yanka rago, an dama giyar dawa, maza sun zauna jikin garke cikin barguna suna tsokanarsa. "Lebona, yau ta ƙofa za ka shiga ko ta sama?" Nkhono Masentle ta fito fuska a sake, abin da ba a saba gani ba.

"To, sarkin naci, hanya ta buɗe. Shiga ka ɗauki 'yarka."

Bai motsa ba.

"Kai, kurma ka zama? Wata biyu kana cin raina!"

"Mme, ba zan shiga ba," ya ce, a gaban kowa. "Tibi gare ni. Ba hayaƙinku ba ne abin tsoro, ni ne. A mayar mini da shimfiɗa bukkar makiyaya, gobe kuma duk ku sauka asibiti."

Dariya ta mutu. Tsohuwar da ta bi shi da muciya ta kama gefen bargonsa ta riƙe gam, hawaye na bin kumatunta.

Malineo ce ta fito bakin ƙofa. Ta kwance bargo, ta ɗaga Lineo sama cikin rana, ta juyo da fuskarta wajensa. Taku goma sha biyar ne tsakaninsu. 'Yar fuska mai kumatu, ido a runtse don haske, da hancinsa sak. Ya tsaya yana kallo baki buɗe. Sai ya ji abin yana taso masa daga ƙirji. Ya danne, ya sake dannewa, ya ƙi dannuwa. Ya toshe baki da bargo, ya juya wa 'yarsa baya, ya yi bayan garke da sauri don kada iska ta kai mata.