Ranar da Aka Ba Gawa Magana

Mijina tela ne, kuma ya mutu ya fi a ƙirga. An ba shi guba, mota ta kaɗe shi, 'yan fashi sun harbe shi, har daga bene ya taɓa faɗowa. Kowane karo sai ya tashi ya kakkaɓe riga, ya dawo gida yana tambayata ko abinci ya nuna.

Shagonsa na kallon ƙofar kwalejin da ake koyar da harkar fim. Dole ɗaliban ajin ƙarshe su haɗa gajeren fim kafin a sallame su, yaran nan kuwa ba su iya ƙulla labari ba sai sun kashe wani dattijo. Da suka gano Malam zai kwanta ƙuda na yawo a hancinsa bai motsa ba, shi ke nan kakarsu ta yanke saƙa. Suka laƙaba masa Baba Gawa, 'yan bana su miƙa shi ga 'yan baɗi kamar tukunyar gado. Ni ce da wahalar, ga wankin jan kalar da suke zuba masa a matsayin jini, ga amsa wayar dangi masu kuka don sun ga hotonsa a lulluɓe.

Abu ɗaya ke cin ransa: bai taɓa buɗe baki a fim ba.

"Haba! Mutum ya yi ta mutuwa ba wasiyya, sai ka ce kaza?" in ji shi.

Bana sai wata ɗaliba siririya mai tabarau, wadda 'yan rukuninta ke kira Darakta, ta tausaya masa. Ta ce kafin ya cika zai ce, "Ku riƙe zumunci, ku kula da uwarku." Wayyo ni! Daga ranar ban sake jin wata magana a gidan nan ba. Yana taka keke yana faɗa, yana wanka yana faɗa. Ya zagaya tef a wuyan wani da ya kawo ɗinki ya dube shi ido cikin ido ya faɗa masa, bawan Allah bai dawo karɓar rigarsa ba sai aike.

A falona aka ɗauka. Su uku ne kacal: Darakta, mai kyamara, da mai sauti. Suka kashe fanka da firji, suka toshe taga da zanina, suka ɗaure fitila a sandar share yana. Makirufon sanda ya ƙi aiki, sai mai sauti ya manna wani ƙarami a ƙirjin Malam da salatif, ƙarƙashin singileti da riga, aka kuma rufa masa bargo. Abin kunnen da zai saurara da shi wani rukuni ya ara, don haka ya ɗaga babban yatsa kawai bisa tawakkali. Na roƙi maƙwabciya ta kashe injin niƙa, na kori zakaranta har bakin titi.

Malam na kwance yana gumi. Mutumin da aka harbe shi ko gezau, yau magana ɗaya ta tsorata shi. Amma ya faɗe ta, tsakani da Allah ya faɗe ta da kyau. Bai gama tashi ba masu jiran kyamara suka ƙwace ta suka yi gaba.

Ranar nuni ya ɗinka sabbin kaya, ya gayyato teloli 'yan layinsu, muka cika kujerun gaba. Aka zo wurin. Ga fuskarsa ta cika bango, ga leɓensa na motsi, amma ba murya. Abin da ke fita daga sifiku shi ne dum, dum, dum, da sauri kamar ana bin mutum. Yana rufe ido sai suka datse sautin ɗif.

Sai tafi ya ɓarke a zauren. Malaminsu ya miƙe yana yabon fasaha. Fasahar me! Darakta ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mana. Muryar ta fito kamar daga cikin randa, zuciyarka ce kaɗai ta fito tas. Ba mu sake samun kyamara ba."

"An cuce ni," ya ce, idonsa ya yi ja. "Na kwaso mutane su ji ni, sun ji ganga."

Ni kuwa, duk mace-macensa dariya suke ba ni, don na san kala ce. Wannan kuwa zuciyarsa ce ta gaske, na santa, kuma na ji ta tsaya a gaban jama'a. Tsoro ya kama ni.

Da muka fito, ni da ban taɓa riƙe shi a bainar jama'a ba, na damƙi wuyan hannunsa.

"Bari lallashina," ya ce. "Baɗi zan sake gwadawa."

"Ba baɗi, Malam. Ka gama mutuwa."

Ya yi ta mita har gida. Na bar shi yana yi, yatsuna na kan jijiyar hannunsa, ina jin tana bugawa.